Faifan Ƙarfen Inna Tabawa

Tun da na dawo daga Toranke da Gafasa ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar gida, a masallaci, har a wurin mai shayi, kowa so yake ya ji yadda aka yi tafiyar da ba ta kai ta wuni guda ba ta cinye mini kwana uku. Na gaji da maimaitawa, kuma kullum na faɗa sai wani ya ƙara mata gishiri, har an fara cewa wai kama ni aka yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru.

Ni malamin gona ne da ya yi ritaya, a nan Gaya nake zaune. Kowa da abin da Allah ya jarabce shi da so, ni nawa faifan garmaho ne. Na gaji guda goma sha ɗaya a wurin mahaifina, daga nan na shiga bin gidaje da kasuwanni ina tarawa. Garmahona mai lantarki ne, yana da gudu uku, kuma na iya gyaransa da kaina. Maiɗakina ta daɗe da sallama ni. Ta ce dai gara wannan da yawon siyasa.

Ƙaninta Ɗanlami ne ya kawo labarin. Ɗan acaba ne, ya haura hamsin, kuma ba abin da ke wuce kunnensa a tasha. Ran wata Talata cikin damina ya shigo ko babur bai gama kashewa ba.

"Yaya, ka san Alhaji Buba Direba na Toranke?"

"Wanda ya rasu da bazara? Na san sunansa."

"To adaka guda ya bari, cike da irin tarkacenka. Babban ɗansa ya ce ran Juma'a in an sauko masallaci zai cinna musu wuta."

A ranar ban iya cin tuwon kirki ba. Alhaji Buba ya yi tuƙin babbar mota tun ƙasar nan tana ɗanya, ya je kudu, ya je gabas. Abin da mutum irin wannan ya tara, ba a sake samunsa.

Laraba da hantsi muka ɗaura garmaho a bayan babur, na naɗe shi da bargo da leda. Na rungume batirin mota da 'yar inbata mai juya wutarsa a cinya, na saka faifai biyu na gwaji a jaka. Ɗanlami ya dube ni ya ce in mun faɗi shi dai ba ruwansa, ya gaya wa yayarsa.

Kwalta ba ta ba mu wahala ba. Gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum, ko'ina mata da maza a duƙe. Da muka sauka kan burji ne aiki ya tashi. Sau biyu ina sauka in taka da ƙafa, batir a ka, takalmi a hannu, Ɗanlami yana tura babur cikin taɓo yana yi mini waƙar zambo.

Wajen iyakar Gaya da Ajingi muka tarar da shingen 'yan sa-kai a gindin wata tsamiya. Su huɗu ne, babbansu wani dattijon mafarauci mai guntun gemu. Suka ga wayoyi, suka ga batir, suka ga akwati a naɗe, sai fuskarsu ta sauya. Ban ga laifinsu ba, zamanin ne ya zo da haka.

"Mene ne a ciki?" in ji dattijon.

Na ce garmaho ne. Matasan suka dubi juna. Ɗaya ya ce na'urar neman zinare ce, ɗaya ya ce a'a, irin ta zaɓe ce. Dattijon ya ce, "In garmaho ne, ya yi magana mu ji."

Haka na shimfiɗa bargo a ƙasa, na haɗa wayoyi, na ɗora faifan wani mai kukuma na zamanin da. Allura ta sauka, aka ji ɗan ƙaraf-ƙaraf ɗin nan da ke zuwa kafin kiɗa, sai kukuma ta ɗauka. Dattijon ya jingine bindigarsa a jikin tsamiya ya tsuguna. Matasan kuwa ba kiɗan ne ya dame su ba. Ɗaya ya kwanta rub da ciki yana leƙen allurar, yana tambaya ta ina muryar take shiga cikin roba. Na nuna masa siraran layukan da ke jikin faifan, na ce ga hanyarta nan. Ya ce shi bai yarda ba, akwai dai abin da na ɓoye a ƙasa.

Sau biyar suka sa na maimaita. Masu wucewa a keke suka tsaya, wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta. Aka gasa mana masara. Sai da muka tashi tafiya na ga ɓarnar da na yi: ɗaya faifan na bar shi a kan kujerar babur cikin rana, ya lanƙwashe ya koma kamar gurasa. Shekara ashirin yana hannuna. Na mayar da shi jaka, Ɗanlami ma da ya ga fuskata bai yi tsokana ba.

Mun isa Toranke bayan azahar. Babban ɗan marigayin, Malam Nasiru, sa'ana ne, ya ba sittin baya kaɗan. A hanya na riga na zana shi a raina, mutum mai ɗaure fuska da faɗa. Sai na tarar da wani siriri mai sanyin murya, manomi, yana kuma koyar da yara karatu a zaurensa. Ya karɓi batir daga hannuna da kansa. A can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Aka kawo dambun gero da zogale, an zuba masa man shanu, sannan fura a ƙwarya da ludayi. Mu a cikin gari yanzu inji ke dama mana fura, ta fito sumul kamar koko. Tasu da gudajinta, sai ka tauna.

Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ya murza carbinsa.

"Malam, ka sha hanya. Amma ba na sayarwa, ba na kuma bayarwa."

Na ce ko zan iya sanin dalili.

"Mahaifina ne. Ya yi mana komai. Yanzu yana inda ba ya iya ƙara wa kansa ko rage wa kansa. In na ba ka, ka kunna, wani ya ji, wani ya taka rawa, ina tsoron a riƙa rubuta masa. Ni abin da zan iya yi masa ke nan."

Na zo da maganganu da yawa a bakina, na tarihi, na al'ada. Duk sai na ji sun yi mini nauyi. Ni ba malami ba ne, na san dai malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, na kuma faɗa masa haka. Ya ce ya sani, shi ya ɗauki ɓangaren da ya fi kwantar masa da rai. Mutumin da ke tsoron wa ubansa wuta, da me za ka ja da shi?

Na roƙi ya bar ni in gani kawai. Ya jawo adakar daga ƙarƙashin gado. Da ya ɗaga murfin, warin tsohuwar takarda da kafur ya bugo ni. Sun fi sittin, a tsaye, yadda ya kamata a ajiye su. Akwai na Hausa, masu kalangu da masu garaya, waɗansu ko sunansu ban taɓa ji ba. Akwai na Sudan, na Kwango, na Indiya. A bayan kowane Alhaji Buba ya rubuta garin da ya saya da ajami.

"Da tuni na gama da su," in ji Malam Nasiru. "Inna ce ta tsayar da ni. Da ta fita takaba ta koma gidan ƙaninta a Gafasa, ta tafi da guda bakwai. Na aika a karɓo, ta ce akwai ɗaya da ba za ta bayar ba sai ta ji abin da ke cikinsa. Garmahon Baba kuwa ya mutu tun ina saurayi." Ya dubi akwatina. "Tunda Allah ya kawo ka, je ka kunna mata, ta ji, ta ba ka ka kawo mini. Ka ga ka taimake ni."

Wato ni da na zo ceto, ni aka mayar ɗan aiken wuta. Na amsa, don ina son in ga bakwai ɗin nan.

A zaurensa muka kwana, sauro ya yi mana rabon gado. Da safe aka ba mu kunun tsamiya da ƙosai, muka kama hanyar Gafasa cikin yayyafi.

Inna Tabawa ta kai tamanin, 'yar ƙarama, idonta garau. Ta sa aka shigar da mu har ɗakinta, ta ce ta wuce a yi mata kulle. Abin da na fara gani ya kusa sa ni salati da ƙarfi: faifai shida an huda gefensu, an rataye a bango tsakanin fantekoki da kwanonin samira, an yi jere da su. Ta ga inda nake kallo.

"Sun yi kyau ko? Jikata ce ta rataya mini."

Na haɗiye abin da ke raina na ce sun yi kyau ƙwarai.

Na bakwai ba ya bango. Ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta ciro shi a naɗe cikin zanen saƙi. Da na karɓa na ji ya fi sauran nauyi, ga shi ƙarami. Ƙarfe ne a ciki, an shafe shi da wani baƙin shafi mai ƙyalli, gefen ya fara ɓarewa. Ba hoto, ba sunan kamfani, sai 'yar takarda a tsakiya da rubutun hannu: Tabawa, Toranke. Na taɓa jin labarin irinsa amma ban taɓa riƙewa ba. A da, a manyan birane, akwai shagon da mutum zai shiga ya yi magana, a yanka masa muryarsa a faifai nan take, guda ɗaya tak a duniya.

"Inna, daga ina wannan?"

"Daga Sudan. Shekarar da aka kai ni gidansa ya bi mota zuwa Makka ta ƙasa, ya bar ni da ciki wata huɗu. Shekara biyu bai dawo ba. Wani alhaji da ya riga shi juyowa ne ya kawo mini wannan, ya ce saƙo ne. To a lokacin duk Toranke wa ke da abin kunnawa? Na adana. Da ya dawo da nasa garmahon na ɗauko, na ce a sa mini. Sai ya ce shirme ne, in mayar. Na sake tambaya bayan shekaru, ya ce ya lalace." Ta gyara zama. "Ni kuwa na san bai lalace ba. Na san fuskarsa in yana ƙarya."

Na haɗa kaya. Na murɗa, faranti ya juya sau biyu a kasale ya tsaya. Batir ya mutu. 'Yan sa-kai da kukumarsu sun shanye shi tas.

Ɗanlami ya kai shi wurin mai cajin waya da sola a bakin kasuwa. Mutumin ya dubi sama, hadari ya rufe ko'ina, ya ce sai dai gobe in Allah ya kawo rana. Gobe kuwa Juma'a.

Jinkirin nan ya ba ni damar duba faifan da kyau a bakin ƙofa, abin da na gani kuma bai yi mini daɗi ba. Shafin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Allura za ta iya bin sa sau ɗaya, wataƙila sau biyu, tana tafe tana kankare shi. Na gaya wa Inna gaskiya. Na ce in akwai wanda take so ya ji, to ya kasance yana nan a karon farko.

Sai ta ce wa Ɗanlami, "Koma Toranke ka ce wa babban nasu ina kiransa." Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Ɗanlami ya je ya dawo da amsa: Malam ya ce a yi masa afuwa, ba ya zama inda ake kunna garmaho. Inna ta ce, "Koma ka ce ban ce ya zauna ba. Na ce ya zo." Ɗanlami ya dube ni, ya dubi taɓon da ke ƙafarsa, ya sake hawa babur.

A gidan ƙanin Inna muka kwana na biyu. Tuwon dawa miyar kuka aka yi mana, daddawar ta ji, irin wadda tun rasuwar kakata ban ƙara ci ba. Mutanen gidan suka yi ta shigowa kallon garmaho. Wani tsoho ya tambaye ni ko gaskiya ne in aka juya faifai baya mutum zai ji abin da mawaƙin ya ɓoye. Na ce ban taɓa gwadawa ba, allura tsada gare ta.

Juma'a ta waye da rana tas. Wajen ƙarfe goma aka kawo batir. Malam Nasiru ya iso a bayan babur ɗin wani, cikin farar rigarsa ta masallaci. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ya koma bakin ƙofa ya tsaya, rabin jikinsa a waje.

Na sauya allura na sa mai kauri, na mayar da gudu kan saba'in da takwas. Ban wanke faifan ba, na ji tsoron ruwa, hura shi kawai na yi. Ɗanlami ya kunna wayarsa ya kara kusa da sifika don ya ɗauka. Na yi bisimilla na sauke allura.

Da farko shuuu kawai ake ji, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai wani ya yi magana da Larabci daga nesa, da alama mai shagon ne yake cewa a fara. Sai tari. Sannan muryar wani yaro matashi, siririya, tana sauri.

"Salamu alaikum. Tabawa, ni ne. Ni ne Buba. An ce in yi magana a nan za ki ji. Ina lafiya. Mota ta lalace mana, mun yi wata uku a nan, ina aikin ɗaukar kaya. Abincinsu wake ne kullum, ba su iya tuwo ba. Ki gaida Baba da Inna, ki gaida su Kawu." Ya tsaya, ana jin numfashinsa. "Na lissafa, na san yanzu kin sauka. Ban san me aka samu ba. In mace ce a sa mata sunan Innata. In namiji ne ina so a sa masa Bashir. Ki riƙa gaya masa yana da uba, yana nan zuwa. Allah ya raya shi, ya sa ya fi ni karatu, kada ya yi yawo irin nawa."

Allura ta yi tsalle, ta faɗa gaba. Da muryar ta dawo ta yi ƙasa, kamar ya matso da bakinsa.

"Tabawa, mutumin nan ba ya jin Hausa, bari in faɗa. Kullum in na kwanta ke nake gani a bakin rijiya da tulun nan mai tsaga. Wallahi da na san haka nisa yake da—"

Shuuu. Faifan ya ƙare.

Ni dai allura na ɗaga, na ga baƙin gari ya taru a bakinta. Sai Inna Tabawa ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, hawaye na zuba.

"Shi ya sa," ta ce. "Shi ya sa ya ce shirme ne. Ja'iri. Shekara sittin yana jin kunyar tulu."

Malam Nasiru ban san lokacin da ya shigo ba, na dai gan shi a zaune a kan tabarma kusa da garmahon.

"Inna, Bashir ya ce?"

"Haka ya ce. Saƙon ya zo ka riga ka yi wata takwas, kakanka ya raɗa maka suna. Wa ya san abin da ke ciki?"

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Ni ma bai gaya mini ba."

Ya daɗe yana kallon faifan. Ya ce shi bai taɓa sanin mahaifinsa da irin wannan muryar ba, ya san shi da kauri da tsawa. Ya tambaye ni ko za a iya maimaitawa. Na nuna masa garin da ke bakin allura, na ce in an sake, mai yiwuwa shi ke nan. Ɗanlami ya ce ai ya ɗauka a waya. Muka saurara, ta kamu, har da dariyar Inna a ƙarshe. Malam Nasiru ya sa aka tura masa, ya naɗe faifan da hannunsa cikin zanen, ya miƙa wa mahaifiyarsa. Na bangon kuwa ko kallonsu bai yi ba.

Tare muka yi sallar Juma'a a Gafasa, muka koma Toranke. Da muka isa Malam Nasiru ya shiga ya jawo adakar har zaure, ya zauna a kanta.

"Malam, ra'ayina a kan kiɗa bai sauya ba."

Na ce na sani.

"Amma da Inna ba ta tsaya ba, da na ƙona wancan tare da su, ban san me na ƙona ba. Waɗannan ma ban san me ke cikinsu ba. Kuma ba ni kaɗai na gada ba, akwai ƙannena, ban tambaye su ba." Ya shafa murfin. "In suna gidan nan, wata rana zan tashi da zafin rai. Ka tafi da su ajiya. Ba kyauta ba, ajiya. Sai na yi tambaya wurin waɗanda suka fi ni sani, mun kuma zauna da 'yan'uwana. Amma ka yi mini alkawari ɗaya."

"Ina ji."

"Ba za ka kunna ko ɗaya ba."

Ɗanlami ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro. Ni kuwa na ji kamar an ba mai azumi tulun ruwan sanyi riƙo. Na ce na yi alkawari.

A-daidaita-sahu muka samo ta ɗauko adakar zuwa bakin kwalta, daga nan zuwa Gaya, muka shigo gari ana kiran magariba. Yanzu wata biyu ke nan tana ɗakina, taku uku tsakaninta da garmaho. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na sauya wa waɗanda takardarsu ta ruɓe riga, na karanta ajamin bayan kowane har na haddace garuruwan. Akwai wani na mai garaya, an saya a Nguru, wanda na fi shekara talatin ina jin ana cewa an taɓa yin irinsa. Nakan ciro shi in karkata shi wajen taga in kalli layukan.

Shekaranjiya Ɗanlami ya same ni a haka. Ya rufo ƙofa, ya rage murya.

"Yaya, sau ɗaya dai. A hankali. Toranke fa da nisa, wa zai ji?"

Na mayar da faifan cikin rigarsa, na saka shi a gurbinsa, na rufe adaka.

Na ce, "Ni."